Kance: Itacen da ba furoje ya shuka ba

Duk wanda ya ratsa gonakin Kance da Matameye cikin rani zai ga gawo ya yi kore shar, jere da jere, har inda ido ya tsaya. Baƙo kan ɗauka wani babban furoje ne ya shuka su. Ba haka ba ne. Manoma ne suka bar su suka tashi, suka sassabe su, suka tsare su daga gatari.

Bayan farin shekarun 1973 da 1984, hukuma da masu ba da agaji sun zuba kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa a Nijar. An buɗe wuraren renon dashe, an kewaye filaye da waya, kowace ranar 3 ga Agusta manya su fito su dasa, a yi tafi, a watse. Amma da zarar kuɗin furoje ya ƙare, mai gadi ya tafi, sai awaki su gama da abin da ƙishirwa ta rage. Ba wanda ya ce nasa ne, domin ba a tambayi kowa ba kafin a dasa.

Akwai kuma dokar daji, wadda ta mai da itatuwa irin su gawo dukiyar gwamnati, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ya sare reshe a gonar gadonsa, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To, wa zai reni itacen da zai jawo masa tara? Sai ya tumɓuke shi tun yana toho. Sarkin Damagaram Tanimun ma a ƙarni na 19 ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani, amma tsoron sarki yakan bi sarki.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya juya. Ƙasa ta gaji, mutane sun yi yawa, babu filin da za a bar wa hutu, takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Sai manoman Matameye, Magarya da Mirya suka koma ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ciyar da bisashe da ƴaƴansa cikin rani, su kuwa su bar taki ƙarƙashinsa. Wannan dabara ta barin toho ya girma, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta bukatar waya, ba ta bukatar mota ko albashi. Binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta hekta wajen miliyan 1 a gundumomin nan uku. Doka ta biyo daga baya: kundin dokokin karkara na 1993, dokar daji ta 2004, sannan kudurin 2020 wanda ya tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itacen da ya rena.

Amfanin ya kai rumbu. A 2011, shekarar da Nijar ta yi babban giɓin cimaka, gundumar Kance, duk da cunkoson jama'arta da suka kusa dubu 400 a ƙidayar 2012, ta sami rarar hatsi ta kusan tan dubu 14, kamar yadda binciken masana na Jami'ar Yamai ya nuna. Ba gawo kaɗai ya kawo haka ba, ruwan sama da ƙwazon manoma na da nasu rabo, amma shekara biyar a jere, daga 2007, ana samun rarar.

Aikin bai rasa abokan gaba ba. Masu saran dare na nan, itacen girki na da kasuwa, makiyayi kuma kan datse rassa ya ciyar da garkensa cikin bazara. Inda gari ya zauna da mai gari, da mata masu neman itace, da makiyaya, aka amince da wanda zai yi tsaro da tarar da za a biya, itatuwan na tsaye. Inda aka bar kowane manomi da gonarsa, shi kaɗai zai kwana yana gadi.