Yadda Za Ka Magance Faɗa da Takurewa a Tsakanin Kajin Gida

Manomi, idan kajinka suna saran juna suna fige gashin juna, ko wata ta takure a lungu ta daina cin abinci, to ƙwai zai ragu, har ma ka yi asarar kaza. Yawanci cunkoso da zafi da ƙarancin abinci mai gina jiki ke haddasa wannan.

Kada ka zuba kaji fiye da 5 a kowace murabba'in mita, kuma zakara 1 ya isa kaji 10. Ka ƙara mazubin abinci da na ruwa domin raunana su samu rabonsu. Dusa kaɗai ba ta wadatar ba. Ka haɗa da ƙuli-ƙuli ko gasasshen waken soya. Ka rataya ganyen zogale su riƙa tsattsaga, ka tanadi yashi da toka domin birgima.

Ka ware wadda aka ji wa rauni nan take, domin jan jini yana jawo sauran su far mata. Idan takurewar ta zo da koren zawo ko murɗewar wuya, alamar cutar Niyukasil ce. Ka garzaya wurin likitan dabbobi.