Khushal Khan Khattak: Basaraken da Ya Juya wa Daular Mugal Baya

Tsakanin Attock da Peshawar, a Pakistan ta yau, akwai wani gari a bakin Kogin Kabul mai suna Akora. Nan aka haifi Khushal Khan a 1613, a gidan sarautar Khattak, ɗaya daga cikin kabilun Pashtun. Gidan ya daɗe yana cin abincin Daular Mugal. Tun zamanin Sarki Akbar aka damƙa wa kakansu Malik Akor tsaron wannan hanya, yana karɓar kuɗin fito daga ayarin fatake. Da 'yan kabilar Yusufzai suka kashe mahaifin Khushal a 1641, Sarki Shah Jahan ne ya tabbatar masa da sarautar, shi kuma ya yi wa daular yaƙi da zuciya ɗaya.

Aurangzeb ya hau karagar Mugal a 1658, zama tsakaninsa da Khushal ya fara tsami. A 1664 aka kama Khushal, aka kai shi Indiya, aka tsare shi a ganuwar Ranthambore. A tsare ya rubuta Dastarnama, wato littafin rawani, inda ya zayyana halayen da suka kamaci mai shugabanci, domin a ganinsa ba kowane kai ne ya cancanci naɗi ba. Mutum ne kuma mai son farauta da shaho, har ya keɓe wa kiwon tsuntsun littafi guda, Baznama, ya bi cututtukansa da magungunansu dalla-dalla.

Da aka sake shi, ya dawo gida da tabon wulaƙanci a zuciya. A 1672 mayaƙan Pashtun ƙarƙashin Aimal Khan da Darya Khan suka ritsa rundunar Mugal a mashigin Khyber, suka yi mata kaca-kaca. Khushal ya shiga boren da takobi da alƙalami, yana kiran kabilu su haɗa kai, abin da ba su saba ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa ni. A 1674 Aurangzeb ya taso da kansa ya sauka a Hasan Abdal, ya yi fiye da shekara. Da ya ga takobi ba ya cin dutse, sai ya buɗe bakin jaka. Zinariya da muƙamai suka riƙa zarya zuwa gidajen manya, ɗaya bayan ɗaya suka zame. Khushal ya je har Swat neman goyon bayan Yusufzai, ya dawo hannu rabbana. Ɗan cikinsa ma, Bahram, ya bi Mugal, ya riƙa farautar uban a tsaunuka.

Ya rasu a 1689 yana gudun hijira a ƙasar kabilar Afridi. Wasiyyarsa ita ce a binne shi inda ƙurar dawakan Mugal ba za ta sauka kan kabarinsa ba. Aka dawo da gawarsa aka binne ta a gindin tsauni kusa da Akora.