Sanyin hunturu: hattara da wuta a cikin tanti

Jama'ar Tarikom da kewayen Bawku: Hunturu ya shigo, kuma mun lura ana shigar da kurfoti ko murhun gas cikin tanti don jin ɗumi. Wuta a rufaffen wuri tana fitar da iska mai guba, ba wari ba launi, tana iya kashe mutum yana barci. Gas kuma yana sa raɓa, bargo ya yi fumfuna, yara su kama tari.

Don Allah ku bar ƙofa a buɗe in wuta na ci, ku fitar da ita kafin kwanciya. Wanda ya ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a fitar da shi waje nan take, a kira 112.