Dutsen Chappal Waddi: Matsayinsa da Ruwan da Yake Bayarwa

Dutsen Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne wuri mafi bisa a Najeriya, domin ƙololuwarsa ta kai mita 2,419 daga doron teku, wato matakin da masana labarin ƙasa ke fara awon tsayin kowane wuri daga gare shi. Yana kan iyakar Najeriya da Kamaru a Jihar Taraba, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma.

Mutumin Kaya ko Talata Mafara ya saba ganin dutse irin na Kwatarkwashi, wanda ke tsaye a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma Chappal Waddi ɓangare ne na jerin tsaunukan da suka haɗa da tudun Mambila suka zarce cikin Kamaru, kuma tsayinsu ne ke tsara yanayin wurin. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, saboda haka idan iskar damina mai ɗauke da laima daga Tekun Atlantika ta ci karo da tsaunukan, sai ta tashi sama ta yi sanyi, laimar ta zama gajimare, ruwa ya zuba. Shi ya sa kurmi ya cika kwazazzabai, inda birai da ɓauna ke samun mafaka, yayin da ciyawa ta rufe saman tuddai, inda Fulani ke kiwo saboda ƙarancin ƙudan tsando.

Wannan kurmi yana riƙe ruwan damina a cikin ƙasa, ya riƙa sakinsa sannu a hankali zuwa rafukan da ke ciyar da Kogin Taraba, wanda ke faɗawa Binuwai. Haka Kogin Sakkwato yake tasowa daga tuddan yankin Funtuwa kafin ya cika madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978. Duk inda aka sare itatuwan mafarin kogi, ruwa kan sauko da ambaliya da yashi a damina, ya ƙafe da wuri a rani, kuma manomin fadama da masunci ne ke fara ɗaukar asarar.