Me Ya Sa Taswira Ke Sandarewa Idan Abubuwa Na Motsi a Kanta?

Idan ka taɓa kiran mota ta Bolt ko Uber, ka ga yadda 'yar motar ke tafiya sumul a kan taswira. Amma a manhajar kwamfuta irin QGIS, idan aka ɗora motoci masu motsi a kan taswira mai nauyi, sau da yawa sai ka ga allo na sandarewa, alhali kwamfutar ta fi wayar ƙarfi. Dalilin yana cikin yawan abin da manhaja ke sake zanawa a kowane motsi.

Milisakan 16 kacal

Motsin da kake gani a allo hotuna ne da ake sauyawa da sauri. Yawancin allon kwamfuta na sauya hoto sau 60 a sakan ɗaya. Idan ka raba sakan gida 60, kowane hoto na da kusan milisakan 16.7. Duk aikin da ya wuce wannan lokaci, hoton zai makara, ido kuma zai ga tsalle-tsalle.

Taswira kuwa shimfiɗa-shimfiɗa ce: ta tituna, ta gine-gine, ta koguna, ta sunayen unguwanni. QGIS, wadda Gary Sherman ya fara a 2002, tana zana taswirarta ta yau da kullum ne da CPU, wato babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tana karanto bayanai, ta lissafa inda kowane layi zai faɗa a allo, ta shafa launi, sannan ta nema wa sunaye gurbi don kada su hau kan juna. A ce wannan aiki na cin sakan biyu, motarka kuma na turo wurin da take kowane sakan. Kafin a gama zane ɗaya, wani saƙon ya iso. Nan ne sandarewa ke farawa.

Dabara ta farko: raba mai motsi da marar motsi

Titi ba ya tafiya ko'ina, mota ce ke tafiya. Don haka manhaja mai kyau takan zana tituna da gidaje sau ɗaya, ta adana su a matsayin hoto, sannan ta riƙa zana motar kaɗai a samansa. QGIS na da irin wannan ma'ajiya ga kowace shimfiɗa, tana kuma da alamomi na musamman da ke zama a saman taswira, kamar wadda ke nuna wurin GPS. Tun sigar 2.4 ta 2014 take zana shimfiɗu a bayan fage, ba tare da ta tsayar da mai aiki ba.

Dabara ta biyu: yanka duniya kamar tayil

Google Maps, da ta fito a 2005, ta yaɗa tsarin yanka taswira zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 256 tsawo da faɗi. A matakin farko duniya gaba ɗaya tayil ɗaya ce. Duk lokacin da ka zuƙo mataki guda, adadin na ninkuwa sau huɗu, har a mataki na 10 ya kai 1,048,576. Amma allo mai ɗigo 1920 da 1080 tayil kusan 40 kawai yake buƙata. Sauran ba a ko taɓa su.

Dabara ta uku: miƙa wa GPU aikin

GPU ita ce ɓangaren da aka ƙera don zane, tana yin dubban ƙananan lissafi a lokaci guda. A Disamba 2010 Google Maps ta Android ta koma turo siffofin tituna maimakon hotunansu, wayar ce ke zana su da kanta. Da zarar siffofin sun shiga GPU, juya taswira ko zuƙo ta ƙaramin aiki ne. Manhajoji irin MapLibre a kan wannan tsari suke.

Dabara ta huɗu: cike gurbi

GPS ɗin yawancin wayoyi sau ɗaya a sakan yake ba da wuri. Manhajar ce ke ƙirƙiro sauran hotunan da ke tsakanin wuri na farko da na biyu. Shi ya sa wani lokaci za ka ga motar ta ratsa ta cikin gidaje, sannan ta dawo kan titi.

Idan kana koyon haɗa manhaja

Kafin ka kashe kuɗi a kan sabuwar laftop, duba waɗannan:

- Ware abubuwa masu motsi a shimfiɗarsu daban.
- Kashe sunaye a kan duk abin da ke motsi, domin nema musu gurbi na cin lokaci sosai.
- Ɓoye gine-gine har sai an zuƙo kusa.
- Rage lanƙwasar layuka idan ana kallo daga nesa. Dabarar Douglas da Peucker ta 1973 na yin haka, tana kuma cikin QGIS.
- Idan saƙonni 100 suka iso a sakan ɗaya, tara su ka zana sau ɗaya a kowane hoto.

Wannan ya shafi aljihun masu amfani da manhajarka ma. Duk zanen da aka maimaita a banza batir yake sha, yana kuma sa waya zafi, musamman ƙananan wayoyin da yawancin direbobi da masu kai saƙo ke riƙewa. Fara da auna milisakan nawa kowace shimfiɗa ke ci, sai ka gyara wadda ta fi nauyi.