Me Ya Hana Ƙwayar Halitta Girma?

Giwa ta fi ɓera girma nesa ba kusa ba, amma in ka sa naman kowannensu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka tarar ƙwayoyin halittarsu kusan girmansu ɗaya. Yawa giwa ta tara. Mu ma haka ne: jikin mutum ƙwayoyi ne kimanin tiriliyan 30, ba wadda ido zai iya gani sai ƙalilan. Ni dai a duk darasin bayoloji ba tambayar da ta fi burge ni kamar wannan, don amsarta lissafi ce, kuma lissafin bai fi na canjin mai shayi wuya ba.

Duk abin da ƙwaya ke bukata, oksijin ne ko sukari, ta fatarta yake shiga, shara ma ta nan take fita. Fata ce ƙofa, ciki kuwa shi ne mai ci.

To, ɗauki dunƙule mai siffar Maggi, kowane gefe santimita 1. Fuskokinsa shida, don haka faɗin fatarsa 6 ne, girman cikinsa 1. Ninka gefen ya zama santimita 2: fata ta koma 24, ciki ya koma 8. Ka lura? Fata sau 4 ta ƙaru, ciki sau 8. Da farko kowane awo na ciki yana da awo 6 na fata, yanzu saura 3. In gefen ya kai santimita 10, fata 600 ce, ciki 1,000, ko awo ɗaya-ɗaya ba su samu ba. Kamar dai a ninka ɗaliban ɗakunan kwana sau takwas, famfo kuma sau huɗu. Wanda ya taɓa bin layi da bokiti da asuba ya san sauran zancen.

Akwai kuma matsalar nisa, wadda a ganina ta ma fi tsanani. Oksijin ba mota yake hawa a cikin ƙwaya ba, bazuwa yake da kansa. In nisa ya ninka sau 10, lokacin tafiyar sau 100 yake ninkawa. Ƙwaya mai faɗin maikiromita 10, wato kashi ɗaya cikin 100 na milimita, kafin ƙiftawar ido oksijin ya ratsa ta. Da faɗinta santimita 1 ne, sai ya yi sa'o'i a hanya, tsakiyarta ta riga ta mutu. Shi ya sa mai kilishi ke shimfiɗa nama fale-fale. In ya shanya shi a dunƙule, waje ya bushe, ciki ya ruɓe.

Masu gardama za su ce, ai akwai manyan ƙwayoyi. Gaskiya ne, amma duba siffarsu. Ƙwayar jijiyar da ta taso daga ƙashin baya zuwa yatsan ƙafa tana iya kai mita guda, sai dai siririya ce, ta fi gashi siranta, ba inda ya yi nisa da fata. Jar ƙwayar jini faifai ce mai lotsawa a tsakiya. Ƙwayoyin bangon hanji kuwa wasu 'yan yatsu suka fitar birjik don ƙara faɗin tsotsar abinci. Gwaiduwar ƙwan jimina ƙwaya ɗaya ce, ƙatuwa, amma kusan dukkanta guzuri ne a ajiye. Ɓangaren da ke aiki ɗan ɗigo ne a samanta, kuma da zarar an haɗu da ƙwayar namiji, rarrabuwa yake farawa zuwa ƙananan ƙwayoyi.