Gyaran Murya a Rediyon Oba-oba: Ku Duba Kafin Ku Sayi Sabon Inji

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi, maƙwabtanmu na yamma, suna ciki. Sai a watan Disamba aka fara buɗewa. Wannan ya sa ƙungiyoyin manoma suke tambayarmu batun rediyon oba-oba, gama ita ba ta dogara ga kamfanin waya ba. Amma kukan masu ita ɗaya ne: ana jin mutum yana magana, ba a gane abin da yake faɗi. Saƙon da ba a gane ba kuwa, ko na mai naƙuda ne ko na shanu a gona, daidai yake da wanda ba a aika ba.

Oba-oba ta hannu ba ta kai nisa. Maganarta tana tafiya a miƙe kamar hasken tocila, tudu ko dutse yana tare ta. Shi ya sa ake kafa wani inji a wuri mai tsawo, ana ce da shi rifita, wato mai maimaitawa. Yana sauraro a layi ɗaya, yana sāke faɗin abin da ya ji a wani layi a lokaci guda. Masu rediyo na sha'awa, waɗanda alamar kiransu a Nijeriya take farawa da 5N, sun daɗe da wannan dabara. A layukansu na megahaz 144 zuwa 146 sukan bar tazarar kilohaz 600 tsakanin layin ji da na faɗa. Daga wurinsu muka koyi yawancin abin da za mu gaya muku.

Rifita ɗan aike ne. Abin da aka ba shi, shi yake kaiwa. In murya ta shiga a dagule, a dagule za ta fita, ko da an ƙara masa ƙarfi ninki goma. To, mu fara da bakinmu. Ku riƙe rediyo a tsaye, eriya tana duban sama, tazarar yatsu uku daga baki. Ku danna maɓalli, ku ƙirga ɗaya, biyu a zuci, sa'an nan ku yi magana, gama rifita yana ɗan jinkiri kafin ya buɗe, kalmar fari takan ɓace. Kada ku yi ihu. Mun sani mai tsoro ba ya iya magana a hankali, amma a irin wannan rediyo ihu ba ya ƙara nisa ko taku ɗaya, sai dai ya farfasa murya. In ana iska, ku juya mata baya.

Abin da ya fi ɓata murya, wanda mutane ba su sani ba, shi ne faɗin layi. A cikin saitin yawancin ƙananan rediyo, irin su Baofeng, akwai zaɓi biyu, W da N. W layi ne mai faɗi, kilohaz 25. N siriri ne, kilohaz 12.5. Kamar mudu ne da rabin mudu. In ka auna da babba ka juye a ƙarami, hatsi ya zube: wato in rediyonka tana kan W, rifita yana kan N, muryarka za ta fito a fashe, tana yankewa duk sa'ad da ka ɗaga ta. In kuwa kana kan N, rifita yana kan W, za a ji ka can ƙasa ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Maganinsa ba ya cin ko kwabo. A tara dukan rediyon ƙungiya ranar taro, a sa su bisa zaɓi ɗaya da rifita, a rubuta a littafin magatakarda. Duk sabuwar da aka sayo, a duba ta kafin a ba mai ita.

Sai batir. Yawancin injunan nan suna son wuta wajen bolt 13. In murya tana da kyau da rana amma tana rawa da asuba, batir ne ya yi sanyi, ba inji ba. Da hunturu ƙura takan rufe farantin sola, a riƙa share shi. In kuma kuna jin ƙugi ko wani siririn fito a ƙarƙashin magana, ku kashe inbata ko janareto ku saurara. In ya ɗauke, kun kama ɓarawon. A nisanta shi da rifita, a gajarta wayar batir, a sa mai kauri.

Da damina ruwa yakan shiga wayar eriya ta wurin mahaɗi. Alamarsa ita ce sh-sh-sh kamar ana suya, musamman a maganar mutanen nesa. Wayar da ta sha ruwa ba ta gyaruwa, sai sabuwa, a naɗe mahaɗinta da tef mai hana ruwa. Kada ku manta da turken ƙarfe a ƙasa saboda aradu.

Wani ciwo kuma, rifita yakan kurmantar da kansa, kamar mai buga ganga yana so ya ji raɗa. Gwajinsa da sauƙi. Ku aiki mutum can nesa ya yi magana, mai gyara ya saurara a jikin inji, sa'an nan ya kashe sashen da ke watsawa. In murya ta washe nan take, matacin da ke raba layin ji da na faɗa ne yake bukatar saiti. Wannan aikin mai na'urar awo ne, kada kowa ya taɓa kusoshinsa.

Game da nisa, tsawon eriya ya fi ƙarfin inji amfani. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa eriya mai tsawon mita 9 tana hangen wajen kilomita 12, mai mita 25 kuwa wajen kilomita 20. Ƙungiyar da take so ta haɗa ƙauyukan Kankiya da na Kusada, gara ta sa kuɗinta a dogon turke da waya mai kyau.

Rifita sai da lasisi daga Gwamnatin Tarayya, layukan masu sha'awa kuma ba na ciniki ba ne, ƙungiya za ta nemi nata. Ku sanar da hakimi da jami'an tsaro kafin ku kafa. Ku tuna kuma, duk mai irin rediyonku yana jinku. Kada a faɗi ranar ɗauko kuɗin taki, ko inda shanu za su kwana.